Layin Tokaido: Shekara Biyar da Rabi Tsakanin Tokyo da Osaka

Jirgin Shinkansen na Japan ba baƙo ba ne ga mai karatu a yau. An san shi da gudu, an san shi da cika alƙawarin lokaci. Idan muna son sanin yadda aka iso nan, sai mun koma 1872, shekarar da jirgin ƙasa na farko a Japan ya tashi daga Shimbashi zuwa Yokohama. Wani injiniya ɗan Ingila, Edmund Morel, shi ya jagoranci aikin, kuma faɗin da aka zaɓa tsakanin ƙarafan layin shi ne milimita 1,067. Wannan faɗin ne Turawa suka shimfiɗa mana a Najeriya har dogo ya iso Kano a 1911, kuma dalilin ɗaya ne a wuraren biyu: siririn layi ba ya cin kuɗi sosai, yana kuma iya zagaye tsauni ba sai an huda shi ba. Ga ƙasar da duwatsu suka cinye mafi yawanta, kuma aljihunta bai da nauyi, wannan shawara ce ta hankali. A 1889 aka haɗe layin Tokaido daga Tokyo har Kobe, tafiyar kimanin awa 20, a hanyar da kakannin Japanawa suke kwashe kusan mako 2 suna takawa a ƙafa kafin su kai Kyoto.

Ba a daɗe ba injiniyoyi suka fara ganin iyakar abin. Siririn layi mai yawan kwana ba ya ɗaukar babban inji, ba ya kuma jure gudu. A farkon ƙarni na 20 Goto Shimpei, shugaban hukumar jiragen ƙasa, ya dage a faɗaɗa manyan layuka zuwa milimita 1,435 irin na Turai, kuma na hannun damansa a ɓangaren fasaha shi ne Shima Yasujiro. Jam'iyyar Seiyukai ta Hara Takashi ta ce ba ta san zancen ba. A ganinta, kuɗin da za a zuba wajen faɗaɗa layin da ke aiki gara a kai sabon layi ƙauyukan da ba su taɓa jin kukan jirgi ba. Kowane ɗan majalisa yana son tasha a mazaɓarsa, kuma mutanen karkara suna da haƙƙi, ba za mu musa ba. 'Yan siyasa suka yi nasara, aka ajiye maganar faɗaɗawa.

Babban layin da Japanawa suka rasa a gida sai suka same shi a Manchuriya, yankin ƙasar Sin da suka mamaye. A can kamfaninsu na jiragen ƙasa ya fito da jirgin Asiya a 1934, mai gudun da ya kai kilomita 120 a awa, da na'urar sanyaya taragu. Cikin daraktocin kamfanin a farkon shekarun 1930 akwai Sogo Shinji. Da yaƙin Japan da Sin ya yi zafi, sojoji da kaya suka cushe layin Tokaido, sai majalisa ta amince a 1940 da wani sabon layi mai faɗi daga Tokyo zuwa Shimonoseki, wanda aka yi wa laƙabi da jirgin harsashi, da burin gudun kilomita 200 a awa. Shima Yasujiro ne ya shugabanci kwamitin shirin. Aka sayi filaye a zamanin da mai gona ba ya da bakin ce wa gwamnati a'a, aka fara huda duwatsu a Nihonzaka da Shin-Tanna. A 1943 yaƙi ya cinye kuɗi da ƙarfe da ma'aikata, aikin ya tsaya. Ramukan da filayen suka zauna jiran mai rabo.

Bayan yaƙi aka kafa hukumar jiragen ƙasa ta JNR a 1949, kuma shekarunta na farko na makoki ne. A 1951 wuta ta kama wani jirgi a Sakuragicho, mutum 106 suka mutu, da yawansu sun kasa fita daga taragon. Shugaban sashen taragu, Shima Hideo, ɗan Yasujiro, ya ajiye aiki. A 1954 jirgin ruwan hukumar, Toya Maru, ya nutse da mutum fiye da 1,100, a 1955 kuma Shiun Maru ya tafi da 168, mafi yawansu yara 'yan makaranta. Kujerar shugabanci ta zama abin gudu. Sai aka ɗauko Sogo yana ɗan shekara 71, har ana yi masa ba'a da cewa tsohon inji ne da aka jawo daga gidan tarihi. Cikin abubuwan da ya fara yi akwai lallashin Shima Hideo ya dawo a matsayin babban injiniya, ya ƙarasa abin da mahaifinsa ya bari.

A lokacin duniya ta riga ta yi wa jirgin ƙasa sallar gawa. Amurka na cire layuka tana gina manyan tituna, jirgin sama na ƙara araha. A Japan ma masu suka sun kwatanta shirin Sogo da katafaren jirgin ruwan yaƙin nan Yamato, wanda ya lashe dukiya ya nutse bai tsinana komai ba. To amma layin Tokaido ya cika ya batse. Tsawonsa bai wuce kashi 3 cikin 100 na layukan hukumar ba, amma yana ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na fasinjoji da kaya. An gama sa masa lantarki a 1956, a 1958 aka fito da jirgin Kodama mai cin Tokyo zuwa Osaka cikin awa 6 da minti 50, duk da haka babu inda za a cusa ƙarin jirgi. Hanyoyi uku ne a gaban hukumar. Ko a ƙara layi biyu a gefen na da, ko a gina sabon siririn layi daban, ko a gina sabon layi mai faɗi wanda ba ruwansa da sauran. Yawancin manyan hukumar sun fi son na farko ko na biyu, don jirage su riƙa shiga da fita tsakanin tsoho da sabo, kuma a riƙa buɗe aikin gaɓa-gaɓa gwargwadon kuɗin da ya samu.

A nan ne, a ganinmu, aka yanke shawarar da ta fi kowace nauyi. Abin da ke cin wuri a layin dogo shi ne bambancin gudu. Idan jirgin kaya mai jan ƙafa da jirgin fasinja mai sauri suna bin layi ɗaya, dole a bar tazara mai yawa tsakaninsu, ko kuma ɗaya ya rakuɓe a tasha ɗaya ya wuce. Kamar hanyar kasuwa ce da amalanke da mota suke bi tare: kowa sai ya koma tafiyar amalanke. Sogo da Shima suka ce a raba su kwata-kwata. Faɗin layin da ya bambanta, wanda wasu suke gani a matsayin aibi, shi ya zama katanga. Babu yadda za a yi wani shugaba ya zo daga baya ya tura jirgin kwal ya bi ta kai, kuma jinkirin tsofaffin layuka ba shi da ƙofar shigowa. Illarsa ita ce rabin irin wannan layi ba ya da amfani. Ko a gama shi duka, ko a yi asarar duka.

Ranar 30 ga Mayu, 1957, cibiyar binciken fasahar jiragen ƙasa ta shirya lacca a zauren Yamaha da ke Ginza, inda ta shaida wa jama'a cewa Tokyo zuwa Osaka cikin awa 3 abu ne mai yiwuwa. Wasu daga cikin masu jawabin injiniyoyin soja ne da ƙarshen yaƙi ya raba su da sana'arsu. Miki Tadanao ya zana jiragen saman yaƙi, ciki har da Ohka na 'yan ƙunar baƙin wake, sai ya juya iliminsa na sauƙaƙa nauyi da keta iska zuwa gangar jikin tarago. Matsudaira Tadashi ya yi fama da karkarwar da ke wargaza jirgin yaƙi na Zero a sama. Da aka kira shi binciken wani jirgin ƙasa da ya kauce a 1947, tsofaffin ma'aikata suka ɗora laifin kan lanƙwasar layi, shi kuwa ya ce ciwon yana ƙafafun jirgin. Ƙafar jirgin ƙasa ba a miƙe bakinta yake ba, an ɗan fiƙe shi don ta riƙa komawa tsakiya da kanta, kuma wannan ke sa ta tafiya tana karkata dama da hagu. A ƙaramin gudu ba komai, amma akwai gudun da in an kai shi karkatar takan haukace har ta jefar da jirgi. Ya gwada da ƙananan samfura a kan na'ura mai juyawa har ya nuna hakan, daga nan aka samo yadda za a ɗaure ƙafafun da irin matashin iskar da za a ɗora tarago a kai.

Duk da wannan bincike, Shima ba mai son sabon abu don sabuntarsa ba ne. Ƙa'idarsa ita ce a tattaro abin da aka riga aka gwada, a haɗa shi yadda kowane sashe zai rufa wa ɗan'uwansa asiri. Maimakon kan jirgi ɗaya mai nauyi ya ja taragu, sai aka raba injinan lantarki a ƙarƙashin dukkan taragun, kowace ƙafa tana turawa. Nauyi ya rarrabu, wanda ya dace da ƙasar Japan mai laushi, gadoji suka yi sauƙin gini, in inji ɗaya ya lalace jirgi ba ya tsayawa, a tashar ƙarshe kuma direba kawai zai koma ɗaya kan. Aka kayyade cewa kwana mafi tsanani ta zama ta da'irar da ke da mita 2,500 daga tsakiya zuwa baki. Aka yi wa ƙarafa walda suka zama dogaye babu gaɓa, aka ɗora su kan kankare da tsakuwa. Ba a bar mahaɗa ko ɗaya da titin mota ba, ko dai layin ya bi ta sama ko titin ya bi. Da yake jirgin da ke gudun kilomita 200 sai ya yi tafiyar kilomita 2 ko fiye kafin ya tsaya, ba a dogara da idon direba ya hango sigina a bakin hanya ba. Saƙon yana bi ta cikin ƙarfen layi ya bayyana a gabansa, in ya wuce gudun da aka ba shi birki ya kama da kansa. Wani ɗaki guda a Tokyo yana kallon dukkan jirage. Har wutar lantarki sai da aka yi mata dabara, domin gabashin Japan da yammacinta ba irin wuta ɗaya suke sha ba: aka ɗauki ta yamma mai bugu 60 a daƙiƙa, aka kafa tashoshin juya wuta a ɓangaren Tokyo. Daga tsakar dare zuwa ƙarfe 6 na safe kuma aka keɓe wa masu gyara.

Sai maganar kuɗi, inda labarin ya daina daɗi. Kasafin da majalisa ta amince da shi a 1959 yen biliyan 197.2 ne, kuma Sogo ya san bai kai ba. Ya san in ya faɗi ainihin adadin ba za a ko fara ba. Ministan kuɗi, Sato Eisaku, ya ba da shawarar a ci bashin Bankin Duniya, domin in gwamnati ta sa hannu a gaban baƙi, duk wanda ya hau mulki daga baya dole ya ƙarasa. A Mayun 1961 aka sa hannu kan dala miliyan 80, abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin da aka kashe a ƙarshe ba. Amfaninsa ɗaure gwamnati ne. Bankin ba ya ba da bashi don gwaji, saboda haka aka gabatar da aikin a matsayin haɗakar fasahar da aka sani, aka tsayar da iyakar gudu a kilomita 210, aka kuma sa jiragen kaya a cikin tsarin, waɗanda har yau ba su taɓa bin layin ba. Masu yabon Sogo kan ce ba don wannan ɓoyon ba da babu Shinkansen. Wataƙila haka ne. Mu dai ba ma iya kiran abin da wani suna sai yaudarar majalisa, kuma an ga yadda wasu ayyukan a ƙasashe da dama suka bi wannan hanya ta rage kasafi don a samu a fara, suka bar wa jama'a bashi ba tare da layin da zai biya shi ba. Abin da ya fitar da Sogo kunya shi ne fasinjojin Tokaido na gaske ne, suna tsaye a tasha suna jira tun kafin a sa diga.

An aza harsashi ranar 20 ga Afrilu, 1959, a bakin ramin Shin-Tanna da aka bari tun zamanin yaƙi. Wata guda bayan haka aka ba Tokyo gasar Olamfik ta 1964, sai aiki ya samu ranar da ba ta ɗaguwa. Tsohon ramin Tanna da ke kusa ya ci shekara 16 da rayuka 67 kafin a gama shi a 1934, saboda ruwa da ruɓaɓɓen dutse. Sabon, mai kusan kilomita 8, an huda shi cikin 'yan shekaru, domin an riga an san halin dutsen. Sayen fili ya fi huda dutse wahala, farashi na tashi kullum tare da tattalin arziki, kuma shi ne babban abin da ya kumbura kuɗin. A 1962 aka buɗe wani yanki a Kamonomiya kusa da Odawara don gwaji, yanki ne na ainihin layin, ba a gina na wasa ba. A can jirgin gwaji ya kai kilomita 256 a awa ranar 30 ga Maris, 1963. A can kuma aka gano cewa in jirgi ya afka rami da gudu, matsin iska yana toshe wa fasinja kunne har da zafi, sai aka koma aka toshe kowace kafa a jikin taragu.

Gaggawa ta bar tabonta. Fiye da rabin layin a kan cikon ƙasa aka ɗora shi, domin ya fi gada araha da sauri. Tsakanin Nagoya da Kyoto, maimakon a huda duwatsun Suzuka, aka zagaya ta Sekigahara, inda dusar ƙanƙara ke sauka da yawa. Ma'aikata 210 suka rasa rayukansu a aikin, akwai dutsen tunawa da su a lardin Shizuoka. A Mayun 1962 hatsarin Mikawashima a wani tsohon layi ya ci mutum 160, masu suka suka ƙara samun bakin cewa an karkatar da hankali da kuɗi zuwa sabon layi. A 1963 asiri ya tonu, kuɗin ya doshi yen biliyan 380, kusan ninki biyu. Sogo ya sauka, Shima ya bi shi. Ranar 1 ga Oktoba, 1964, saura kwana 9 a buɗe Olamfik, jirgin Hikari na farko ya bar Tokyo da ƙarfe 6 na safe, kuma ba a gayyaci ko ɗaya daga cikinsu wurin yanke ƙyalle ba. Layin kilomita 515 ne da tasha 12. A shekarar farko awa 4 ake yi, domin cikon ƙasa bai gama zama ba kuma injiniyoyi suka ƙi yarda a matsa masa. Sai a Nuwamban 1965 aka sauko zuwa awa 3 da minti 10.

Jama'a suka yi tururuwa. Kafin ƙarshen 1967 an ɗauki fasinja miliyan 100, a 1976 aka cika biliyan 1. Mutumin Osaka ya fara zuwa taro Tokyo ya dawo ya kwana a gidansa. Amma layin ya fara biyan bashin gaggawa. Ruwan sama mai yawa na taɓa ciko, dole a rage gudu. A Sekigahara dusar ƙanƙara takan manne a ƙarƙashin tarago, ta faɗo ta watsa tsakuwa ta farfasa gilashi, sai aka jera famfuna suna fesa ruwa don ta kwanta, kuma har yanzu jirgi kan makara a can lokacin sanyi. Ƙarafan farko suka gaji da wuri, daga tsakiyar shekarun 1970 zuwa 1982 aka riƙa rufe layin rabin yini ana musanya su da masu nauyi. Mutanen Nagoya da aka ratsa unguwanninsu suka kai ƙara a 1974 kan hayaniya da girgiza, ba a sasanta ba sai 1986. Masu zanen 1959 sun yi lissafin ƙafa da birki da iska, ba su yi lissafin mai barci a gindin gada ba. Da aka zo tsawaita layin zuwa Okayama a 1972 da Hakata a 1975, an ɗauki darasi: kwana ta koma mita 4,000, gadoji da ramuka suka maye gurbin ciko, daga baya aka fara ɗora ƙarfe kan faifan kankare maimakon tsakuwa.

Nasara kuma ta dawo da tsohuwar rigimar nan ta kowa da mazaɓarsa. Dokar 1970 ta zana layuka a duk faɗin ƙasar, ɗan siyasa Tanaka Kakuei ya ga layin Joetsu ya nufi lardinsu na Niigata, aka buɗe shi a 1982. Tokaido na cin riba, hukumar kuwa tun 1964 take asara, har aka wargaza ta a 1987 da bashin da ya kai kimanin yen tiriliyan 37. A waje, Faransa ta ɗauki darasin ta sauya shi. Da yake layukanta masu faɗi ne tun asali, jirgin TGV na 1981 tsakanin Paris da Lyon yana fita daga sabon layi ya shiga birni ta tsoho, kuma an bar shi ya hau tudu mai tsanani don a kauce wa huda dutse. Sin ta shigo a 2008, yanzu tana da fiye da kilomita 40,000. Maroko ta buɗe Al Boraq a 2018, na farko a Afirka. Layinmu na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 faɗinsa ɗaya da na sabon layin Tokaido, wanda ke nuna mana cewa faɗin layi shi ne mataki na farko kawai, sauran yana cikin kwana da sigina da wuta da katange hanya da gyaran dare.

Ita Tokaido, kamfanin JR Central da ya gaje ta ya matse duk abin da zanen 1959 zai iya bayarwa. Jirgin Nozomi na 1992 ya kai kilomita 270 a awa, tafiya ta koma awa 2 da rabi. Aka sa na'urorin da ke jin motsin farko na girgizar ƙasa su yanke wuta. Girgizar Kobe ta 1995 ta rusa gadojin layin Sanyo, wato wanda aka tsawaita zuwa Okayama da Hakata, da ƙarfe 5:46 na asuba, kafin jirgin farko ya tashi, kuma daga nan aka bi ginshiƙai ana ɗaure su da ƙarfe. A duk shekarun nan babu fasinjan da ya mutu a Tokaido ta hanyar karo ko kaucewar jirgi. Kwanar mita 2,500 ce ta gagara. Sai da aka ƙera taragu masu ɗan jingina a kwana kafin a kai 285 a 2015, alhali layin Tohoku da aka zana daga baya yana yin 320. Ba a iya miƙe layin da jirage suke bi kowane 'yan mintoci, don haka aka sake komawa shawarar gina sabo daban: layin Chuo na jirgin maganaɗisu, wanda ya kai kilomita 603 a gwajin 2015, kuma zai haɗa Tokyo da Nagoya cikin minti 40, kusan dukkansa a ƙarƙashin ƙasa. An fara aikin a 2014 da niyyar buɗewa a 2027. Hukumomin lardin Shizuoka suka daɗe suna hana a huda ɗan yankin da ya ratsa duwatsunsu, saboda tsoron ramin zai janye ruwan kogin Oi da garuruwa da manoman shayi suke dogaro da shi. A 2024 kamfanin ya fito ya ce 2027 ba za ta yiwu ba.